Ashar a Cikin Haruffa Uku

A watan Fabrairun 1949, wata ƙungiyar hafsoshin sojan Amurka ta shirya liyafar dare don karrama Manjo Janar Harry Vaughan, mai taimaka wa shugaban ƙasa kan sha'anin soja, kuma amininsa tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shugaba Harry Truman ya halarta, ransa a ɓace. A wancan lokacin Drew Pearson, ɗan jaridar da ake buga sharhinsa a ɗaruruwan jaridu ake kuma sauraronsa a rediyo, ya sa Vaughan a gaba saboda ya karɓi lambar yabo daga gwamnatin Juan Perón ta Ajantina, yana ta kira da a sallame shi. Da Truman ya miƙe zai yi jawabi, sai ya ce duk wani "S.O.B." da ke zaton surutun rediyo ko na jarida zai sa ya kori ma'aikacinsa, to ya sake lale. Bai kama sunan kowa ba. Amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, a wannan karon kuwa har 'yan kasuwar sun sani.

Gari na wayewa magana ta cika ƙasa. Rubutaccen jawabin da fadar shugaban ƙasa ta fitar an goge haruffan daga cikinsa, an sa kalma mai nufin "kowa" a gurbinsu. Limaman coci suka yi tir, jaridu suka yi ta sharhi a kan ko ya dace shugaban ƙasa ya riƙa magana irin ta barikin soja. Abin da ke ɗaure kai shi ne, Truman bai furta kalmar batsa ko ɗaya ba. Haruffa uku ya ambata, waɗanda kowane ɗan aji ɗaya ke rerawa a gaban malaminsa. To, ina ƙazantar take, har da za a bi ta da magogi?

Haruffan suna wakiltar "son of a bitch" ne, wato ɗan karya, ɗan macen kare. Dafin yana cikin kalmar ƙarshe. A tsohon Turanci na fiye da shekara dubu da suka wuce "bicce" ake cewa, ba ta kuma da wata ma'ana da ta wuce macen kare. Har gobe masu kiwon karnuka a Ingila da alƙalan gasar karnuka da ita suke aiki, ba wanda ke jin komai. Daga baya ne aka fara jifan mata da ita, aka kuma wuce kan 'ya'yansu. A cikin wani dogon labarin waƙa na Sarki Arthur da boka Merlin, wanda ke cikin wani kundi da aka rubuta da hannu wajen shekarar 1330, yau yake ajiye a babban ɗakin karatu na Edinburgh, an riga an sami zagin da siffarsa ta wancan zamani. Shakespeare ma ya ɗanɗana. A wasan King Lear, wanda ya rubuta wajen 1605, dattijo Kent ya tare Oswald, baran gidan gimbiya, ya jero masa zagi kamar ruwan sama, ya rufe da danganta asalinsa ga karyar da ita kanta ba a san irinta ba.

Me ya sa karya, duk dabbobin duniya? Wanda ya taɓa ganin karya a lokacin barbara ya san amsar. Karnukan unguwa ne ke binta a baya, ba ta zaɓe, kuma 'yan kwikwiyon da za ta haifa a ciki ɗaya suna iya zama na ubanni daban-daban. Saboda haka zagin jifa ɗaya ne mai faɗawa wuri biyu. Ya ce uwar mutum ba ta da kamun kai, ya kuma ce mutumin bai san ubansa ba. Balarabe in ya ce wa mutum ɗan kare, ƙasƙancin dabbar yake shafa masa ta wajen uba. Bature ya bi ta ɗakin uwa, ya taɓa mutuncinta, daga nan ya tsinke igiyar nasaba.

A Ingilar da, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dokarsu tana kiran wanda aka haifa ba da aure ba ɗan da ba na kowa ba, ba ya gadon gona, ba ya gadon sarauta. Kotunan coci sun sha sauraron ƙarar matan da aka ɓata wa suna da irin waɗannan kalmomi, domin mace in an yi mata tambarin lalata, aurenta da cinikinta da zamanta a unguwa duk sun shiga uku. Francis Grose, wanda ya fara buga ƙamus ɗinsa na maganganun 'yan tasha a 1785, ya bayyana cewa babu sunan da ya fi wannan ƙona ran mace Baturiya, har ya fi a kira ta karuwa zafi. A 1891 majalisar Birtaniya ta yi doka ta musamman da ta ba mace damar kai ƙarar wanda ya jefe ta da fasiƙanci ba tare da sai ta nuna asarar da maganar ta jawo mata ba. Mai karatu da ya san babin ƙazafi a fiƙihu, da bulala 80 da Suratun Nur ta yanke, da yadda malaman Malikiyya suka sa kore wa mutum nasaba a cikin babin, zai gane nauyin da jimlar take ɗauke da shi tun fil azal.

Sai jimlar ta haye teku, ta sauka Amurka, ta faɗa bakin makiyayan shanu da masu haƙar zinare da ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji. Waɗannan maza ne da suka baro iyayensu mata da danginsu a nesa, suna zaune inda ba wanda ya san uban wani, ba kuma wanda ya damu ya sani. A irin wannan wuri zancen nasaba ba shi da kasuwa. Yawan taunawa ya sa jimlar ta fara salancewa.

Owen Wister ya kama wannan sauyi da kyau a littafinsa The Virginian na 1902, wanda ake ɗauka a matsayin kakan labaran kaboyi. Mai ba da labarin baƙo ne daga gabashin ƙasar, ya sauka a wani ƙauye na Wyoming. Yana ji wani abokin jarumin ya kira shi da wannan suna cikin raha, sai gabansa ya faɗi, yana jiran a zaro bindiga. Jarumin ko a jikinsa. A daren nan kuma, a wajen caca, wani mai suna Trampas ya furta kalmomin nan dai, ba ƙari ba ragi. Nan take bindiga ta hau tebur, jarumin ya gargaɗe shi cikin sanyin murya cewa duk ranar da zai kira shi haka, to ya haɗa da murmushi. Kalmomi ɗaya, yini ɗaya, mutum ɗaya ake faɗa wa. Na farko wasa, na biyu kuwa saura ƙiris a yi jana'iza. Wani abin lura shi ne littafin kansa bai iya buga kalmar ƙarshe ba, dogon layi aka ja a wurinta.

Daga nan ma'anoni suka yi ta rassa. In an bar jimlar tsirararta, tana nufin mugu, maci amana, wanda ba ya tausayi. In an gabatar mata da sifar da ke nufin mai sa'a, ta zama taya murna mai ɗan haɗe da kishi. Da sifar tauri, ta zama kirari ga jarumin da ba ya ja da baya. Da sifar tausayi, ta zama jaje ga wanda duniya ta juya wa baya. Ana faɗa wa injin da ya ƙi tashi, da ƙusar da ta lanƙwashe, da jarrabawar da ta yi tsanani. Ana kuma furta ta ba da kowa ba, don mamaki kawai, ko in guduma ta sami yatsa. Makiyayan yammacin Amurka har miya suka raɗa wa sunan, wani farfesun kayan cikin ɗan maraƙi da ake dafawa a sansanin kiwo, wanda in akwai mata ko limami a wurin sai a sauya masa suna zuwa na ladabi. H. L. Mencken, wanda ya ƙarar da shekaru yana nazarin Turancin Amurka, ya yi wa 'yan ƙasarsa ba'a a kan haka. A ganinsa wannan zagi ya zama baran da ake aike ko'ina, kuma mutanen Gabashin Turai ko na Kudancinta, da suka saba da ashar mai rassa da ganye, in sun ji shi sai su ga kamar wasan yara.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tafiya ba, domin "shege" ta bi irin hanyar. Asalinta kore uba ne, ƙazafi tsagwaronsa. Amma a bakin 'yan kallon ƙwallo "shegen yaro" yabo ne, ana shegen sanyi, ana shegen wayo, shegiyar mota kuma takan ƙi tashi da safe. Duk da haka ba wanda ya manta cewa akwai fuskar da in aka ɗaure aka ce wa mutum shege, sai an kai ga mai unguwa.

Akwai wata magana da ake jingina wa Shugaba Franklin Roosevelt game da Anastasio Somoza, mai mulkin kama-karya na Nikaragua, wanda ya ziyarci Washington a 1939. Wai an ce masa mutumin nan ai ɗan karya ne, sai ya amsa da cewa haka ne, amma ɗan karyarmu ne. Masana tarihi ba su sami shaidar ya faɗi haka ba, an ma jingina irin maganar ga wasu shugabannin game da wasu azzaluman. Duk da haka ta ƙi mutuwa, saboda ta taƙaita wata siyasa da Amurka ta daɗe tana yi da 'yan kama-karyar da ke biya mata buƙata. A nan zagin ya zama shaidar zama ɗan gida. An amsa cewa mutumin azzalumi ne, an kuma rungume shi da kalmar da aka zage shi da ita.

To, in jimlar ta yi laushi haka, me ya kawo gajartawa? Laushin a sansani da bariki da mashaya ya tsaya. Bai kai falon gida ba, bai kai shafin jarida ba, bai kai mumbari ba. Tun ƙarni na 18 masu ɗab'i suke buga harafin farko su ja layi. A ƙarni na 19 kunya ta kai wasu Turawa ga kasa kiran macen kare da sunanta ko da a kan dabbar ake magana, sai su yi kewaye su ce uwargidan kare. Aka kuma ƙirƙiro 'yan canji masu kama da asali a sauti, irin su "son of a gun", wato ɗan bindiga, wanda wani tsohon ƙamus na jiragen ruwa na 1867 ya danganta da yaran da aka haifa a cikin jirgin yaƙi, a gefen igwa. Haruffan S.O.B. kuwa sun fara bayyana a rubuce ne wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, zamanin da soja da gwamnati suka cika duniya da gajerun sunaye. Ɗaya bayan ɗaya ake furta su, es, o, bi. In aka haɗe su aka karanta a matsayin kalma guda, sai su ba da wata kalmar Turanci dabam mai nufin kuka da shessheka.

Ba a daɗe ba masu tsaron tarbiyya suka gane dabarar. Dokar tace fina-finai ta Hollywood, wadda aka rubuta a 1930 aka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934, ta jero kalmomin da aka haramta furtawa a fim. A cikin jerin, tare da ambaton sunan Ubangiji ba da girmamawa ba, akwai S.O.B., haka a gajarce. Waɗanda suka rubuta dokar sun fahimci abin da mai gajartawa yake so a manta, cewa ɗan kallo ba haruffa yake ji ba.

Ga yadda abin yake aiki. Mai magana ya furta haruffa uku ya yi shiru. Kunnen mai sauraro ya karɓa, ƙwaƙwalwarsa ta buɗe ƙullin, ta karanta jimlar cikakkiya da muryarsa ta cikin zuciya. Ashar ɗin ta tabbata, amma a kan wanda ya ji aka ƙarasa ta. Mai maganar ya tashi da bakinsa fes, in an tuhume shi ya ce shi haruffa kawai ya ambata. Wanda aka zaga kuwa bai sami rangwamen ko ƙwayar zarra ba, domin duk wanda ke wurin ya san abin da aka ce da shi da uwarsa. Mutum biyu kaɗai gajartawar ke karewa, mai zagin da ƙaramin yaron da bai san mabuɗin ba tukuna. Daƙuwa ma haka take. Yatsu biyar ne aka ware, ba a ce uffan ba, amma yaron da ya yi wa babba ita ba zai tsira da cewa shi hannu kawai ya buɗe ba.

Wannan rata da ke tsakanin haruffa da abin da suke nufi ta buɗe wata ƙofar kuma, ta wanda aka zaga ya sake cika haruffan da abin da ya ga dama. Drew Pearson ya yi haka, ya ce shi a wurinsa suna nufin bayin 'yan'uwantaka, tunda kalmomin Turancin wannan ma da haruffan nan uku suke farawa. Bayan shekara 13 aka maimaita wasan a babban fage. A watan Afrilun 1962 gwamnatin John Kennedy ta lallashi ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta haƙura da ƙarin albashi don kada farashi ya tashi. Tawadar yarjejeniyar ba ta gama bushewa ba sai Roger Blough, shugaban kamfanin U.S. Steel, ya shigo fadar ya shaida wa Kennedy cewa sun ƙara dala 6 a kan kowane tan. Kennedy ya ga an yi masa sakiyar da ba ruwa. A cikin fushi, a gaban muƙarrabansa, ya ce mahaifinsa ya sha gaya masa cewa 'yan kasuwa duk 'ya'yan karya ne, bai taɓa yarda ba sai yau. Cikin kwana uku kamfanonin suka janye ƙarin, amma maganar ta riga ta fita, magana kuwa zarar bunu ce. Daga baya ya yi ƙoƙarin taƙaita ta ga masu ƙarfe kaɗai. 'Yan kasuwa dai suka buga bajoji masu ɗauke da S.O.B. suka maƙala a ƙirji, suna cewa ma'anarsu 'ya'yan kasuwanci. Da jimlar a buɗe take, ba attajirin da zai rataya ta a rigarsa ya shiga ofis. Gajartawar ce ta ba su damar mayar da zagi tuta.

Asibiti ya ba da wata hujjar daga ɗaya ɓangaren. A rubutun likitocin da ke aiki da Turanci, SOB na nufin ƙarancin numfashi, wato haki. Shekara da shekaru suna rubuta shi a katin majinyaci ba wanda ya kula, tunda su kaɗai ke karantawa. Da aka fara aiki da wata ƙa'ida a Amurka a watan Afrilun 2021, wadda ta ba majinyata damar ganin abin da likita ya rubuta a kansu ta intanet, sai masu horar da likitoci suka shiga jan kunne cewa a daina gajarta wannan, a rubuta shi cikakke. Dattijon da ya zo da ciwon zuciya, ya buɗe wayarsa ya ga an rubuta haruffan nan kusa da sunansa, ba numfashi zai fara tunawa ba. Likitan bai zagi kowa ba, amma zagi ya auku, saboda wanda ya karanta ya cika haruffan da abin da ya sani.

Joe Biden, lokacin da yake shugaban ƙasa, ya yi amfani da siga biyun duka, kuma bambancin wuraren abin dubawa ne. A watan Janairun 2022, ana watsewa daga wani taro a fadar White House, wakilin Fox News Peter Doocy ya jefo masa tambaya a kan tsadar kaya. Biden ya yi gunaguni, makirufo kuwa a kunne, duniya ta ji ya kira shi wawa ɗan karya, da jimlar cikakkiya. A daren nan ya buga masa waya don a kashe maganar. A watan Fabrairun 2024 kuma, a wani taron tara kuɗin kamfe a San Francisco, yana sane da cewa akwai 'yan jarida, ya kira Shugaba Putin na Rasha mahaukacin S.O.B. Ta farkon suɓutar baki ce, ta fito da kayanta duka. Ta biyun an auna ta, an yi mata kwalliyar shiga taro. Wannan ya nuna cewa gajartaccen zagi ya fi cikakken zama na ganganci, domin wanda zuciya ta ɗebe ba ya tsayawa harhaɗa baƙaƙe. Kwalliyar dai ba ta haye iyaka ba. Haruffan Turanci ba su da ma'ana a kunnen Barashe, dole masu fassara suka buɗe su, harshen Rasha kuwa yana da zagi mai wannan ma'ana daidai wa daida. Kakakin fadar Kremlin, Dmitry Peskov, ya ce abin kunya ne ga Amurka, ya kwatanta maganar da halin kaboyin fim.

Idan aka tambayi Ba'amurke na yau, zai ce shi in ya furta wannan jimla ko uwar wani ba ta zo masa a rai ba, kuma da gaskiyarsa. Ɗan wasan barkwanci George Carlin, da ya jero kalmomi bakwai da ba a isa a furta a talabijin ba a 1972, bai sa wannan a ciki ba. Hukumar Ofcom mai kula da kafafen watsa labarai a Birtaniya, a binciken da ta fitar a 2016, ta ajiye jimlar a matsakaicin mataki, ƙasa da manyan ashar. A bisa wannan ma'auni, karyar ta daɗe da ficewa daga cikin maganar, saura amo.

Sai dai akwai rashin daidaito da ya kamata a tsaya a kai. Jimlar da ake faɗa wa namiji ta yi laushi har ta zama kirari. Kalmar da ke cikinta, in an ware ta an jefi mace da ita, har yau da kaifinta. Ta ma sami sabon aiki, ta zama sunan duk macen da ta ɗaga murya, ko ta riƙe muƙami, ko ta ƙi yin murmushi lokacin da ake so. Namiji mai taurin kai a ofis in an kira shi S.O.B., sau da yawa da ɗan girmamawa a ciki. Mace mai irin halinsa in an kira ta da rabin jimlar, ba girmamawar komai. Mata masu fafutika sun yi ƙoƙarin ƙwace kalmar, Jo Freeman ta rubuta wata shahararriyar maƙala a kanta a 1968, an kuma yi wata mujalla mai wannan suna daga 1996 zuwa 2022. Ƙoƙarin kansa shaida ne cewa ciwon bai warke ba. Ɗan ya sami afuwa, uwar tana nan inda aka ajiye ta. Gajartawar kuma ta ƙarasa aikin, ta mayar da ita harafi guda a ƙarshen layi, yadda za a iya taka ta ba tare da an ga fuskarta ba.

Wani lokaci fuskar takan bayyana. Tun 2016 Colin Kaepernick, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar San Francisco, ya fara durƙusawa a kan gwiwa ɗaya lokacin taken ƙasa, don nuna ɓacin rai kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata. Wasu 'yan wasan suka bi sahunsa. A ranar 22 ga Satumban 2017, a wani gangami a Huntsville ta jihar Alabama, Shugaba Donald Trump ya ce zai so ya ga masu ƙungiyoyin sun ce a fitar musu da ɗan karyar nan daga fili, an kore shi. Bai gajarta ba, taron kuma ya ɗauki sowa. Mafi yawan 'yan wasan gasar baƙaƙen fata ne, jikokin mutanen da aka taɓa sayar da iyayensu mata a kasuwa, ana lissafa haihuwarsu kamar ta dabbobin gona. A kunnensu jimlar ba ta zo a matsayin amo ba, da tsohuwar ma'anarta ta zo. A ranar Lahadin da ta biyo baya 'yan wasa fiye da 200 suka durƙusa ko suka zauna lokacin taken, da dama daga cikinsu kuma da aka miƙa musu makirufo, zancen iyayensu mata suka fara yi. Matar da ta reni Kaepernick tun yana jariri ta rubuta a Twitter cewa in haka ne, to ita ce karyar, kuma tana alfahari. A jimla ɗaya ta tuna wa ƙasa guda cewa duk lokacin da aka ce ɗan wance, akwai wancen, tana da rai, tana kuma ji.

Wannan ne ya sa ba a yarda da shaidar mai zagi a kan mutuwar ma'anar zaginsa. Ma'ana irin wannan kwanciya take yi, kuma wanda aka jefa ne ke da ikon cewa ta farka ko ba ta farka ba. Tsakanin abokai biyu da suka yarda da juna tana iya yin shekara hamsin tana barci. Ranar da ta fito daga bakin mai iko zuwa kan wanda ba shi da shi, ko daga bakin baƙo zuwa kan ɗan gida, sai ta tashi da haƙoranta duka. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sa zagin iyayen kai a cikin manyan zunubai, da aka tambaya yaya mutum zai zagi iyayensa, sai aka bayyana cewa yakan zagi na wani ne, wanin ya rama a kan nasa. Hikimar da ke ciki ta wuce harshe ɗaya. Zagin da ya bi ta kan uwa yana jawo mutanen da ba su ji ba ba su gani ba cikin faɗan da ba nasu ba, kuma ba ya tsayawa a gida ɗaya.

Matasanmu suna tsintar wannan jimla a fina-finai da waƙoƙi da shafukan sada zumunta, galibi a gajarce, sai ta yi musu kama da ado na iya Turanci. Sanin ma'anarta da tarihinta yana da amfani, ko don mutum ya gane lokacin da ake wasa da shi da lokacin da ake ci masa mutunci. Amfani da ita kuwa yana da gwaji mai sauƙi. Wanda zai rubuta wa wani haruffan nan uku, ya fara tambayar kansa ko zai iya buɗe su, kalma bayan kalma, a gaban mahaifiyar mutumin. In ba zai iya ba, to gajartawar ba ta rage masa komai a cikin abin da ya faɗa ba, rage masa kunyar faɗin kawai ta yi.